Gasar CAMES da kasuwar Banyo: ina masananmu na tattalin arziki?

A watan Nuwamban 2023 aka yi gasar CAMES a Yawunde, inda malaman jami'a masu nazarin shari'a, siyasa da tattalin arziki ke neman babban matsayi. An kafa CAMES a 1968, hedikwatarta na Wagadugu. Duk shekara biyu ake gasar. Sai mai digirin dokta ke shiga, ya miƙa rubuce-rubucen bincikensa, sannan ya tsaya gaban alƙalai ya ba da darasi.

To, mene ne ruwan ɗan Banyo da wannan? Ruwansa babba ne. A shekarar nan ta 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, ta kuma saki naira. Nan take farashin zuwa-zuwa ya tashi a Garwa da Marwa, lissafin masu kai shanu da kaya ta iyakar Mambila ya rikice. Ɗan kasuwa ya ji a jikinsa, amma masu tsara manufofi a Yawunde da bankin BEAC sun fi sauraron mai takarda da muƙami.

Yanzu dai uzuri ya ragu. Akwai jami'a a Ngaundare, akwai ta Marwa tun 2008, ga ta Garwa da aka kafa a 2022. Abin da ya rage shi ne 'ya'yanmu su yi bincike kan kara, kan canjin sefa da naira, kan hanyar Banyo zuwa Fumban, su buga shi, su shiga gasar. 'Yan kasuwa kuma su buɗe musu littattafan cinikinsu, su taimaka da kuɗin bincike. In ba mu auna kasuwarmu ba, wani zai auna mana ita daga nesa.