Aljanin Naka Ne, Jirgin Kuwa Na Tarihi Ne

Akwai wata magana da marubutanmu na labaran al'ajabi suka mayar garkuwa. Da zarar an nuna musu kuskure sai su ce, "Ai ƙirƙira ce, labarin aljanu ne." Da wannan garkuwar ake rubuta mana jarumi ya hau jirgin yaƙi a zamanin yaƙin Hitila, ya danna maɓalli makami mai linzami ya fita, ya tashi daga Kano ya sauka Alƙahira bai tsaya shan mai ba, kuma in abin ya ɓaci kujerarsa ta cilla shi sama. Mu dai mun ce wannan lalaci ne aka yafa masa rigar fasaha, kuma lokaci ya yi da za a daina karɓarsa.

Ba mu da rigima da aljani. Marubuci ya ba shi kai bakwai in ya so, ya sa ya haɗiye hadari, babu mai tuhumarsa, domin shi ya ƙirƙire shi. Amma ranar da ya rubuta 1941 a saman shafi, ya kuma kira sunan Kano, ya ɗauki alkawari ke nan da mai karatu cewa ƙasar da labarin ya taka ta gaske ce. A Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, an fara ne da yaƙin Turawa da mutane suka gani da idonsu kafin a shiga duniyar aljanu. Wannan tushe na gaskiya shi ya sa mai karatu ya yarda ya bi jarumin duk inda ya nufa.

Abin takaicin shi ne tarihin da ake gudun bincikawa a tsakar gidanmu ya faru. Tun a Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, hanyar Bahar Rum ta zama haɗari, sai Ingila ta koma kawo jiragen yaƙi a cikin akwatunan katako zuwa tashar Takoradi ta Gwalkwas, wato Gana ta yau. A can ake harhaɗa su, su tashi zuwa Ikko, su yi Kano, su yi Maiduguri, su ratsa Cadi, su sauka Junaina da Fashir a Darfur, su kai Hartum, sannan su bi kogin Nilu zuwa Masar. Tafiyar kusan kilomita 6,000 ce, ana yin ta zango zango cikin kwana biyar ko shida. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, kuma zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Kakanninmu sun ɗaga kai sun gan su.

To me marubuci zai samu in ya zauna ya karanta yadda aka ƙera waɗannan jirage? Labari zai samu, wanda ya fi wanda yake ƙagawa daɗi.

Mu ɗauki Hurricane, ɗaya daga cikin jiragen da suka fi bin hanyar. Mutum ɗaya yake ɗauka, injinsa ɗaya, farfela ke jan sa. Bayan gangar jikinsa ƙarafa ne da katako aka lulluɓe da yadin lilin, aka shafe da wani fenti mai ɗame shi. Wato farcen aljani ɗaya ya isa ya keta shi, kuma mai allura da zare yana iya yi masa faci. Ga gurbin tela a cikin labarin yaƙi, wanda marubuci mai gaggawa ba zai taɓa ganowa ba. Akwai tankin mai a tsakanin injin da matuƙi, daidai gabansa, shi ya sa matuƙa da yawa suka ƙone a fuska da hannu. Samfurin farko yana da bindigogi takwas, amma harsashinsu ba ya kai sakan 20 in aka danne kunama. Jarumin da ya san haka dole ya yi lissafi kafin ya harbi dodo, kuma a cikin lissafin nan zuciyar mai karatu take bugawa.

Matuƙin Hurricane ba shi da mai duba masa taswira. Saboda haka a hanyar Takoradi akan sa jirgin Blenheim mai inji biyu a gaba, da masanin hanya a cikinsa, ƙananan jirage kamar shida suna biye. Yanzu ka kawo hazon hunturu tsakanin Maiduguri da Junaina, jagora ya ɓace wa yaro ɗan shekara 20, mai yana ƙarewa, ƙasa babu alama. Ko aljani bai fito ba gashin jikinka ya tashi. Ƙura kuma tana cin inji, har sai da aka riƙa ɗaura wa jiragen babbar matatar iska a ƙarƙashin hanci, wadda take rage musu gudu. Siyasa ma ta shigo: Cadi ta bi Janar de Gaulle a Agustan 1940 ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, abin da ya buɗe sararinta, alhali Nijar tana hannun gwamnatin Vichy. Matuƙin da iska ta karkatar arewa zai iya sauka lafiya ya tsinci kansa a tsare. A Janairun 1942 ma wani jirgin Jamus guda ɗaya, Heinkel 111, ya ratso Sahara ya jefa bamabamai a Fort Lamy, Njamena ta yau. Wane marubuci ne zai ƙaga abin da ya fi wannan ban mamaki?

Za a ce mai karatu bai damu ba. Wannan raini ne. Wayar da yake karanta labarinka da ita, da ita zai bincika ya ga jirage masu injin jet ba su shiga fagen yaƙi ba sai 1944. Daga nan ya daina yarda da kai, har a wuraren da ka faɗi gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda kuma bai bincika ba ya fi ba mu tsoro, domin yaro da yawa ba za su taɓa jin labarin wannan zamani ba sai a littafinka. Abin da ka ba su shi za su riƙe a matsayin tarihin garinsu.

Za a kuma ce bincike yana kashe tunani. Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san akasin haka: ƙa'ida ita ke tilasta wa mutum nemo dabara. Jirgin da yake iya komai ba ya haifar da labari, domin babu abin da zai hana jarumi nasara. Iyakar jirgi ita ce ƙofar da tsafi yake shigowa ya yi amfani. In mai ba ya ƙarewa, me aljanin zai zo ya ceta?

Ba muna cewa a cika shafi da lambobin kusoshi ba. Wannan ma wani ciwon ne, na marubucin da yake son a san ya yi karatu. Tambayoyi huɗu sun isa kafin a ɗora alƙalami: wace shekara ce, wane jirgi ne yake akwai a lokacin, ina iyakar tafiyarsa, me ke kashe shi? Hotuna da zane-zane da bayanan matuƙa suna nan a intanet kyauta. Wanda kuma ba ya son wahalar nan yana da mafita mai mutunci: ya ƙirƙiro duniyarsa da sararinta da jiragenta, ya cire 1941, ya cire sunan Kano. Amma in ya ari garinmu da shekarar kakanninmu, to ya biya kuɗin aro da karatu. Editocin mujallu da masu kula da zaurukan marubuta su ma su fara tambaya kafin su saki labari. Matambayi ba ya ɓata.