Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A ƙarshen watan Maris na 2024 wani injiniya Bajamushe mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft, ya lura wata kwamfuta tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa kafin ta bar shi ya shiga. Da wani ne da ya kau da kai. Shi kuwa ya bi diddigi, sai ya tarar an haƙa ɓarauniyar hanya a cikin wata 'yar manhaja mai suna XZ, wadda ake matse fayil da ita, take kuma kwance a kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux. Saura ƙiris 'yan kutse su riƙe mabuɗin manyan kwamfutocin duniya.

To wa ke kula da XZ ɗin? Mutum ɗaya, Lasse Collin, shekara da shekaru, ba albashi ba alawus. Tun 2022 ya faɗa da bakinsa cewa aikin sa kai ne kuma ya yi masa nauyi. Babu kamfanin da ya ce masa sannu. Wanda ya kawo masa ɗauki shi ne wani mai kiran kansa Jia Tan, wanda ya shafe sama da shekara biyu yana nuna kirki har aka amince masa, sannan ya dasa mugun abinsa. Wannan labari ne yake tafasa min zuciya duk lokacin da na ji wani yana kiran buɗaɗɗiyar manhaja "ta banza".

Ba ta banza ba ce, aikin gayya ce. Wanda ya rubuta ta ya bar asalin rubutun a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya ƙara, ya ba wani. Richard Stallman ya fara wannan kira a 1983, Linus Torvalds kuma ya fitar da Linux yana ɗalibi a Helsinki a 1991. Yau wayar Tecno ko Itel da ke aljihunka a kan Linux take tafiya, domin a kansa aka gina Android. Ɗalibin da ba shi da kuɗin Microsoft Office yana iya rubuta kundinsa da LibreOffice ba tare da ya sayi faifan sata a kasuwa ba. Kuma da rubutun XZ a rufe yake, da Freund bai ga ɓarnar ba. Alherin a bayyane yake, ba na jayayya da shi.

Amma a gayya, mai gona yakan dafa abinci, kuma ranar da aka koma gonar maƙwabci yakan fito da fartanyarsa. Manyan kamfanoni sun ci gayyar sun goge baki. A 2014 da aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet, sai ta bayyana cewa gudummawar da masu aikin ke samu ba ta wuce dala dubu biyu a shekara ba. Dala dubu biyu! Sai da gobara ta tashi sannan aka tuna da su. A Disambar 2021 aka maimaita da wata manhaja mai suna Log4j, 'yan sa kai suka kwana ba barci suna toshe rami, masu cin ribar suna ta aiko musu da faɗa. Har Daniel Stenberg na ƙasar Suwidin, mai manhajar curl da babu ruwanta da Log4j, wani katafaren kamfani ya rubuto masa yana neman amsa cikin awa 24, kamar yaron gidansu.

Ga lasisi kuma, wanda kowa ke tsallakewa kamar ba a rubuta shi ba. Kusan kowace irin wannan manhaja tana da mai ita, tana da sharaɗi. Lasisin MIT mai sauƙi ne: yi abin da ka ga dama, sayar ma in kana so, amma kada ka goge sunan mai ita da takardar lasisin. GPL ya fi tsauri, kuma ni shi na fi ƙauna: in ka gyara ka rarraba wa mutane, wajibi ne ka ba su asalin rubutun a kan sharaɗin da ka samu. A 2003 an kama kamfanin Linksys ya sa Linux a na'urarsa ta raba intanet ya ɓoye rubutun, aka matsa masa har ya saki, daga nan aka haifi manhajar OpenWrt da jama'a ke mora har yau. Dukkan lasisin nan kuma sun faɗa ɓaro-ɓaro cewa babu garanti. In ta lalace, kai ka sani. Wanda bai tanadi mai gyara ba ya ɗauko wa kansa jidali.

Mu ma nan gida hannunmu ba tsaf yake ba. Na taɓa zama a wani ofis inda ɗan kwangila ya kawo manhajar ajiye bayanan ma'aikata yana bugun ƙirji wai yaransa ne suka ƙirƙira. Ko minti goma ban yi ina dubawa ba na gane buɗaɗɗiya ce ya sauke, ya sauya launi, ya cire sunayen masu ita, ya liƙa tambarinsa. Sayar da ita ba laifi ba ne, lasisin ya yarda. Goge sunan mutane ka ce taka ce, wannan sata ce, kuma ha'inci ne ga wanda ya biya. Na tambaye shi wa zai riƙa sabunta ta in an gano ɓaraka, sai ya hau kame-kame. Shugaban ofishin ko a jikinsa, ya sa hannu aka biya, aka zuba sunayen ma'aikata da albashinsu da lambobin asusunsu a cikin manhajar da babu mai kula da ita.