In Kura Na Maganin Zawo, Ta Yi Wa Kanta

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa asibiti a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san irin tsawar da ake daka wa uwar da ta manta da katin rigakafi. Za a tsayar da ita a gaban mutane, a ce da ita sakarci ne, a ce da ita jahilci ne, balle ma in an ji Hausa a bakinta. To, ba mu ce kada a tsawatar ba. Amma yau mu ma muna da tambaya ga masu fararen riguna: ku naku katin fa? Yaushe rabonku da allurar rigakafin mura?

Na san wani zai yi dariya, ya ce mura ce har za a ɓata takarda a kanta. Wannan dariyar ita ce tushen ɓarnar. Harshenmu ya haɗa cututtuka biyu a suna guda. Akwai ƙaramar mura ta majina da atishawa, wadda kwana uku da farfesu ke kora. Akwai kuma babbar mura, infuluwenza, mai kwantar da ƙato da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ta gangara huhu ta zama ciwon haƙarƙari. Ita ce kakanninmu suka kira marisuwa. A watan Satumba na 1918 ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Ikko, nan inda da yawanmu ke neman abinci yau, ta bi hanyar dogo da ta kogi ta haura Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Ita kuwa wadda ke zagayowa kowace shekara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana hallaka tsakanin mutum 290,000 zuwa 650,000 a faɗin duniya. A ƙasashen Turai lokacin hunturu take zuwa, amma a ƙasashe masu zafi irin tamu tana iya bugowa a kowane wata.

Hukumar nan ta lissafa waɗanda ya kamata a fara yi wa allurar: mata masu juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi, masu ciwon suga ko na zuciya ko fuka, da kuma ma'aikatan lafiya. Dalilin sa ma'aikata a wannan jeri a fili yake. Mai ɗauke da cutar yana iya baza ta tun kwana guda kafin ya ji ciwo a jikinsa, wani ma ba zai ji kome ba sai ɗan kasala. Nas ta taso da safe garau, ta gwada wa tsoho jini, ta sunkuya kan jaririn da aka haifa bakwaini, ta tsallaka ɗakin masu haihuwa, duk kafin azahar. Ita za ta warke cikin mako guda, gama da ƙarfinta. Tsohon nan mai sayar da goro da ya zo don hawan jini, shi ne zai koma ɗakinsa a Agege ko Sabo da abin da bai zo da shi ba, ɗakin da mutum shida ke kwana a kan tabarma biyu.

Uzurorin da ake kawowa kuwa, abin kunya ne a ji su a bakin wanda ya yi shekaru a makarantar koyon aikin jinya. Wai allurar ce ke sa mura. Allurar da ake yi a dantse ba ta da ƙwayar cuta mai rai, don haka ba yadda za ta haifar da ciwon. Iyakarta tsamin hannu ko ɗan zazzaɓi na yini ɗaya ko biyu. Sai dai tana bukatar kamar mako biyu kafin ta kama jiki, kuma wanda ya kwashi cutar a tsakanin nan sai ya ɗora wa allura laifi. Wai kuma ba ta aiki. Gaskiya ne ba ta kai ta ƙyanda ƙarfi ba: a shekarar da ta dace da ƙwayar da ke yawo, tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Ƙwayar tana sauya kama, shi ya sa masana ke zama sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, su tsara sabon haɗi, shi ya sa kuma ta bara ba ta isar wa bana. Amma tun yaushe aka fara jefar da lema don ba ta hana ƙafa jiƙewa? An gwada a gidajen kula da tsofaffi a Birtaniya, aka yi wa ma'aikata allura, aka ga mace-macen tsofaffin sun ragu. Masana na gardama kan yawan raguwar, wannan haka ne, sai dai ba wanda ya taɓa nuna cewa ma'aikaci mai tari alheri ne ga majinyaci.

Kada kuma a ce wannan halin baƙar fata ne. A Ingila, inda ake bi ma'aikata da allurar kyauta har wurin aikinsu, sama da kashi uku cikin huɗu sun karɓa a hunturun 2020 zuwa 2021, sa'ad da tsoron korona ya cika zukata. Da tsoro ya kwanta, a hunturun 2023 zuwa 2024 ko rabi ba su kai ba. A Amurka kuwa wasu asibitoci tun 2005 suka mai da ita sharaɗin aiki, kuma a irin waɗannan wurare kusan kowa na karɓa.

Mu a nan laifin bai tsaya kan ma'aikaci kaɗai ba. Allurar mura ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke bayarwa kyauta, galibi sai a asibitocin kuɗi. Wa zai ce da leburan asibiti mai share ɗakin marasa lafiya ya cire daga ɗan albashinsa ya saya? Shugabannin asibitoci da ma'aikatun lafiya su ne ya kamata su sayo ta, su kai ta ɗaki ɗaki, har ga masu aikin dare, su kuma bar wanda ya kamu ya kwanta a gida ba tare da an yanke masa kuɗi ba. Ƙungiyoyin likitoci da na nas-nas da suka iya yajin aiki a kan alawus, me ya hana su sa wannan cikin bukatunsu? Ai sun fi kowa sanin cewa annoba da su take farawa. A 2014, da Ebola ta shigo Ikko, Dakta Ameyo Adadevoh da wasu abokan aikinta da rayukansu suka tare ta.

Akwai wani abin da ya shafe mu musamman. Jama'armu ba su manta da gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma zargin da ya biyo baya na daga cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003. An sha wuya kafin a dawo da amana, har aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a 2020. Mutanen da suka yi irin wannan tarihi ido suke zuba wa hannun mai allura. In suka gane shi kansa yana gudunta, duk wa'azinsa ya tashi a banza, ba kan mura kaɗai ba, har kan ƙyanda da sanƙarau.

Saboda haka sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu a Idi-Araba da Obalende da Anaca da Inugu, in jami'an lafiya suka zo neman ku tara musu jama'a, ku tara, ku kai 'ya'yanku. Amma kafin su tashi ku tambaye su cikin ladabi ko asibitinsu na yi wa ma'aikatansa allurar mura, in kuma ba ya yi, wa ya hana.