Wa Ke Koyar da Ƴan Shekarar Farko?

Kafin 2008, yaron Matamaye da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, yana son jami'a, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya hau mota zuwa Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram, inda jami'ar gwamnati ɗaya tilo take, ko kuma, in mahaifinsa na da hali, ya tsallaka ta Ɗan Barto ya bi ta Daura ya nemi Kano ko Zariya, ya sha wuyar Turanci. A 2008 ɗin aka buɗe cibiyoyin fasaha da ake kira IUT a Damagaram da Maraɗi da Tawa, a 2010 suka zama jami'o'i. A 2014 aka ƙara huɗu, a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, ta Doso kuma aka ɗora mata fannin fasahar sadarwa. Mun yi murna, kuma murnar na kan hanya. Tamu ta Damagaram yau tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin, masanin tarihi, wanda ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991.

Da na waiwayi shekarun nan, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda muka zuba hankalinmu. A 2018 da 2019 malaman jami'a ƙarƙashin ƙungiyar SNECS sun yi ta yajin aiki a kan tambaya guda: shugaban jami'a zaɓensa za a yi, ko gwamnati ce za ta naɗa shi? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma akwai kujerar da ke ƙasa da wannan, wadda ban taɓa jin an yi zaman dirshan a kanta ba: ta babban malamin da aka damƙa wa karatun ƴan lisans, wato masu digirin farko. Shi ke tsara jadawali, shi ke raba darussa, shi ke cewa wane zai ɗauki ƴan shekarar farko. A sashen kwamfuta, makomar ɗalibi a hannun wannan mutum take, fiye da hannun wanda ke ofishin sama.

Dalili kuwa a fili yake. Tsarin karatun jami'a da ake kira LMD ya raba lisans zango shida, kowane zango da makinsa 30, a ƙarshe a tara 180. A takarda lissafin ya cika. Amma sabuwar jami'a ba ta da isassun malamai nata, don haka sai a gayyato malami daga Yamai ko daga wata ƙasa, ya zo da jakarsa, ya zube darasin zango guda cikin ƴan kwanaki, safe da yamma, ya ba da jarrabawa, ya koma. Akwai darussan da ke jure wannan. Rubuta manhaja ba ya cikinsu. Shi irin saƙar tabarma ne: ko an yi maka bayanin duniya, sai kaba ta yanke ka kafin hannunka ya faɗa. Yaro na bukatar ya rubuta layi goma, na'ura ta ƙi karɓa, ya kwana da abin a ransa, gobe ya gano ɗigo ɗaya ne ya manta. Wannan kwanan ba a matse shi. Wanda ya cusa darasin farko na manhaja cikin mako ɗaya ya ba ɗalibi maki, bai ba shi sana'a ba.

Sai a haɗa da irin ɗaliban da ke zuwa. Ɗan Yamai da ya taso da kwamfuta a ɗakinsu da ɗan ƙauyen Kance da bai taɓa aza yatsa a kan madannai ba, benci ɗaya suke zama ranar farko. Na biyun wataƙila ya fi na farkon lissafi nesa ba kusa ba. Amma ya yi karatu da Faransanci, yana tunani da Hausa, ga kalmomin manhaja na Turanci, ga shi yana neman harafi ɗaya ɗaya da yatsa guda. In ba a ba shi lokaci da na'ura ba a watannin farko, zai haddace darasi kamar yadda ya haddace na lise, ya rubuta manhaja da biro a takardar jarrabawa, ya ci, ya wuce. Sai ranar da ya je neman aiki a wani kamfani aka zaunar da shi gaban allo asiri ya tonu.

Na san wani sashe, ba zan faɗi inda yake ba, da ya yi shekaru a haka. Ɗakin kwamfutoci na nan, da labule da fanka, amma makulli na aljihun mutum ɗaya, shi ma ana tashi aiki yake tafiya gida. Manyan malamai sun kwashe darussan ƴan masta, an bar ƴan shekarar farko, su da suka fi kowa yawa, a hannun masu ɗan ɗauki da ake biya da awa, biyan ma sai an manta. Sai aka ba wani dattijon malami riƙon karatun lisans. Bai kira taron ƙaddamar da komai ba. Ya ɗauki darasin algoritim na shekarar farko da kansa, abin da tsararrakinsa suka ɗauka zubar da girma ne. Ya sa aka yanka makulli na biyu, ya miƙa wa ɗaliban shekara ta uku, da rajista da sa hannu, ɗaki ya koma buɗe har bayan isha'i. Ya raba darussa gida biyu, waɗanda baƙon malami zai iya dunƙulewa da waɗanda dole a shimfiɗa su tsawon zango. Ya kuma mayar da aikin hannu zuwa lokutan da aka fi samun wuta.

Na taɓa tsayawa bakin taga ina kallonsa. Wata yarinya ta ɗaga hannu, manhajarta ta ƙi tashi. Ya zo ya tsaya bayanta, hannuwansa a baya, bai taɓa na'urar ba. "Ƴata, karanta mini abin da ta ce." Ta karanta. "To, wane layi take nufi?" Ta ƙirga da yatsa a kan allo, ta yi shiru, sai ta rufe baki tana dariya. Ya riga ya wuce benci na gaba.

Maganar wuta ba ƙarama ba ce a wajenmu. Lantarkin yankin Damagaram da Maraɗi yawanci daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru a Agustan 2023 da aka yanke layin bayan juyin mulki, aka yi watanni ana karɓa-karɓa. Shugaban karatun da ke tsara jadawali kamar yana Faris ya yaudari ɗalibansa tun kafin a shiga aji. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ƙarar da rayuwarsa a kan makamashin rana, kuma tun 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka. Masanin kimiyya ne da bai ga koyarwa a matsayin ƙaramin aiki ba. Abin mamaki, har yau mukan fi saurin neman kuɗin sabon gini fiye da na farantan sola da za su riƙe ɗakin aikin hannu.

Maƙwabtanmu ma suna fama da nasu. A Disambar 2022 hukumar jami'o'in Najeriya ta fitar da sabon tsarin karatu, ta ware fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. Dama ce babba, amma ita ma a teburin mutum irin wancan dattijo za ta faɗa, ko dai ya zauna ya yi tunanin abin da ɗan kasuwar Kantin Kwari ko asibitin ƙaramar hukuma ke bukata, ko ya kwafo na wata jami'a ya sa hannu.

Me ya sa irinsa ke da wuyar samu? Domin ma'aunin ci gaba bai san da aikinsa ba. A ƙasashenmu masu Faransanci, ƙarin girman malami ta hukumar CAMES yake bi, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mazauninta kuma Wagadugu. Abin da ya fi nauyi a jakar da malami ke aika mata shi ne binciken da ya buga a mujallu da ɗaliban da ya duba wa kundi. Daren da ya raba yana gyara takardun ƴan shekarar farko ba shi da wani babban gurbi a ciki. Dattijon nan ya yi wa'adinsa, ƙannensa a aiki suka wuce shi a muƙami. Da ya sauka aka kira taron sashe don a sami magaji, kowa ya kawo uzurinsa, ɗaya na rubuta kundi, ɗaya na shirin tafiya Faransa. A ƙarshe aka ɗora wa wanda ya fi kowa ƙuruciya, shi ma don bai halarci taron ba.