Gwajin jini a gida kafin aure: abin da yake nunawa da abin da ba ya nunawa

A watan Mayun 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa masu shirin aure gwajin ƙanjamau, ciwon hanta rukunin B da C, da na sikila kafin a ɗaura. Dokar tana da amfani, amma ta zo da fargaba, domin ba wanda yake son ya fara jin labarin jininsa ana saura mako guda biki. Shi ya sa ake tambaya: shin mutum zai iya sayen abin gwaji a kemis, ya huda yatsarsa, ya gwada kansa a ɗaki?

Zai iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajin kai na ƙanjamau tun 2016, na ciwon hanta C kuma a 2021. Ana ɗiga jini kaɗan a kan abin gwajin, cikin mintuna sai layi ya fito. Sai dai ba ƙwayar cutar yake nema ba. Yana neman sojojin da garkuwar jiki ke haɗawa domin yaƙar ta, kuma daga nan ne ruɗani ke tasowa.

Na farko, jiki yana ɗaukar lokaci kafin ya haɗa waɗannan sojoji. A ƙanjamau yakan kai wata uku. Wanda ya kamu makonni biyu da suka wuce zai iya ganin babu komai alhali cutar tana jikinsa.

Na biyu, sojojin sukan zauna ko bayan cuta ta tafi. Kimanin mutum 30 cikin 100 da suka kamu da ciwon hanta C jikinsu yana kawar da shi da kansa, amma gwajin zai ci gaba da nuna alama. Sai an yi gwaji na biyu a asibiti, mai neman ƙwayar cutar kanta. Ko an same ta, magani na mako 12 zuwa 24 yana warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. Bai kamata a fasa aure saboda layi biyu da aka gani a ɗaki ba.

Na uku, gwajin bai dace da kowa ba. Mai shan maganin ƙanjamau zai iya ganin babu komai, ya zaci ya warke, ya daina magani. Jaririn da bai kai wata 18 ba kuma yana iya ɗauke da sojojin mahaifiyarsa.

Ciwon hanta B kuwa gwajinsa daban ne, a yi shi a asibiti.

Idan za ku gwada kanku, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin. Idan ya nuna alama, ku je a tabbatar. Mazauna Babban Giji, Gyadi-Gyadi da Tarauni ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nan kusa a titin Zariya, kuma maganin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati. Gwajin gida ba ya maye gurbin takardar asibiti da doka ta nema. Amfaninsa shi ne mutum ya san matsayinsa da wuri, tun kafin a kai lefe.