Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Teburin Landan da Dubai Tun Daga Kano Ake Kama Shi

 

Yau da labarin kunyar da na sha zan fara, don kada ke ma ki sha irinta.

Bara cikin watan Yuli ɗiyar yayata ta kammala digirinta na biyu a Landan, muka tafi mu bakwai taya ta murna. Yarinyar nan ta daɗe tana tara 'yan kuɗinta, burinta ranar da aka miƙa mata takardar shaida ta kai mahaifiyarta wani gidan abinci da ake ta zancensa a garin. Hidimar masaukinmu ta sha mata kai, ta bar maganar wurin zama sai ranar. Muka isa da yamma, Yaya ta sha leshi, ta kafa ɗauri. Wata budurwa ta tare mu a ƙofa da fara'a, ta tambayi sunan da aka kama tebur da shi. Muka kalli juna.

Yaya, 'yar Dukawuya gaba da baya, ta leƙa ta hango tebura uku babu kowa. Ta ce wa ɗiyar, "Ke, gaya mata ga wuri can. Ko a gefe ne a jera mana kujeru, ai ba kwana muka zo yi ba." Budurwar ta ba da haƙuri, ta ce kowane tebur da mai shi, wasu tun makonnin baya suka kama. Ƙarshenta kaza da dankali muka ci a cikin takarda, muna tsaye a bakin titi. Mu manya muka mayar da abin raha, amma yarinyar sai da ta yi hawaye. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don ba su yi mana laifin komai ba. Mu ne muka tashi fafe gora ranar tafiya.

Me ya sa suke haka?

A gidajenmu baƙo ba ya sanarwa. Ya yi sallama, a ƙara ruwa a miya, a miƙo masa kwano. Shi ya sa abin yake yi mana kama da wulaƙanci. Amma ki tuna lokacin da kika aurar da 'yarki: ɗakin taro, mai girki, mai lalle, wa kika samu a makon biki? Tun watanni kika kama su, kika ba da kafin alƙalami, mai girki kuma sai da ta ji yawan mutane kafin ta shiga kasuwa. To haka waɗannan wurare suke. Da yawansu ƙanana ne, kujerunsu ƙidayayyu, kuma mai dafuwa kan yi cefane ne daidai kawunan da aka rubuta masa. Wannan ilimi kina da shi tuntuni, wurin amfani da shi ne kawai ya sauya.

Abin da ke ƙara musu cunkoso shi ne tauraron Michelin. Kamfanin taya ne na Faransa, ya fara buga littafin jagora ga direbobi a 1900, a 1926 kuma ya fara ba gidajen abinci tauraro. Uku ne ƙololuwa. Dubai da Istanbul, inda matanmu ke yawan zuwa saro kaya, sun shiga littafin a 2022. Duk wurin da ya samu ko ɗaya ne, layinsa ya tsawaita.

Kada ki ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. A Landan akwai Chishuru, na Adejoke Bakare, 'yar Najeriya da ta tashi a Kaduna. A watan Fabrairun 2024 ta zama baƙar mace ta farko da ta samu tauraron Michelin a Birtaniya. Sunan wurin ma daga bakinmu aka ɗauko shi, "ci shiru", wato shirun da ke sauka idan abinci ya yi daɗi. Har sinasir ya sha fitowa a jerin abincinta. Ki duba fa, sinasir ɗin da kike aiken yaro ya sayo miki a bayan layi, a can sai an kama masa tebur.

Yadda za ki kama

Ranar da biza ta fito, ko ranar da makaranta ta sanar da ranar bikin yaye ɗalibai, ranar za ki fara. Shiga shafin gidan abincin da wayarki. Yawancinsu za su tura ki wata manhaja irin OpenTable, Resy, SevenRooms ko TheFork. Abin da za ki fara nema shi ne yaushe suke buɗe rajista: wasu wata guda kafin ranar, wasu wata biyu ko uku, wasu kuma rana ɗaya suke sakin teburan wata gaba ɗaya, su ƙare nan da nan.

Ki lura da agogo. Dubai ta riga Kano da awa 3, don haka ƙarfe 10 na safensu ƙarfe 7 ne a wurinmu, lokacin da kike fama da shirin yara makaranta. Saudiyya da Turkiyya sun riga mu da awa 2. Landan kuwa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya, da sanyi mu ke gaba da awa 1. Ki sa ƙararrawa a waya.

Idan dare ya cika, duba abincin rana. Ya fi sauƙin samu, sau da yawa ya fi araha, kuma mai dafuwar ɗaya ne. Talata da Laraba sun fi Juma'a da Asabar sarari. In kuna da yawa kamar mu, manhaja ba lallai ta karɓi fiye da mutum huɗu zuwa shida ba, sai ki rubuta musu imel, ki faɗi yawanku da dalilin taron. Ko da an ce babu wuri, ki sa sunanki a jerin masu jira, don mutane kan fasa idan ranar ta matso. In kuma babban otal za ki sauka, akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan biya wa baƙi irin wannan buƙata. Ki rubuta masa tun kina gida, zai iya samo abin da manhaja ta ce babu.

Tambayoyi uku kafin ki sa lambar katinki

Ta farko ita ce babba: me za a ba ki ki ci? Irin waɗannan wurare da yawa ba ke ke zaɓa ba, mai dafuwa ne ke tsara 'yan ƙananan faranta bi da bi, kuɗinsu a dunƙule. A Turai kada ki ɗauka naman yankan Musulunci ne sai sun tabbatar miki. Kuma matsalar ba ta tsaya a naman alade ba: ana zuba giya a miya da romo, har a kayan zaƙi. Ki rubuta musu ƙarara cewa ba kwa cin alade, ba kwa son barasa ko a cikin girki, ki tambaya ko namansu halal ne. In ba shi ba ne, ko za su yi muku na kifi da ganye? Da yawansu suna yi in an gaya musu da wuri, amma in sai kin zauna za ki faɗa, kin makara. A Dubai nama ba shi ne abin damuwa ba, sai dai manyan wuraren da ke cikin otal-otal suna sayar da giya, don haka can ma matambayi ba ya ɓata. In amsarsu ba ta kwanta miki ba, ki haƙura. Babu tauraron da ya kai kwanciyar ranki.

Ta biyu: suna karɓar yara? Wasu wuraren suna da ƙa'idar shekaru, musamman da dare. Ko sun karɓa, zaman kan kai awa biyu zuwa uku, ki auna ko autanki zai iya. Ki tambayi ƙa'idar sutura kuma. Atamfarki da mayafinki sun wadatar, samarinki ne abin dubawa, masu son fita da silifas da gajeren wando.

Ta uku: nawa za a cire in kun fasa? Lambar katin da kika bayar ba ta ado ba ce. Idan ba ku zo ba, ko kun soke bayan wa'adin da suka sa, za a cire kuɗi a kan kowane mutum. A ce fam 50 ne, ku bakwai, fam 350 ya tafi ba ku ci ko loma ba. Ki mayar da shi naira ki gani. Saboda haka kada ki kama tebur a ranar da za ku sauka daga jirgi, jirgi yana iya makara. Kuma lokacinsu ba na katin gayyatarmu ba ne da za a ce ƙarfe 4 a zo ƙarfe 6. Minti 15 da yawansu ke jira. Idan katin naira ya ƙi aiki a shafukan waje, sai ki tanadi na dala, ko ki yi da na 'yarki da ke can. A Landan kuma ki sa ran ƙarin kusan kashi 12.5 cikin ɗari na hidima a kan kuɗin abinci.

Masu son kallo daga sama, At.mosphere da ke hawa na 122 a Burj Khalifa teburan jikin taga ake fara kamewa, ki faɗi wanda kike so tun wurin kamawa. Haka masu zuwa Umara da azumi: wuraren buɗe-baki na otal-otal ɗin benen agogo masu kallon Harami cika suke yi a goman ƙarshe, ki yi magana da otal ɗinki tun kina Kano. In ba ki samu ba, ki sauko Harami. Ledar da ake shimfiɗawa da dabino da zamzam ba a tambayar sunan kowa, kuma ban taɓa jin wadda ta sha ruwa a wurin ta yi da-na-sani ba.

Ita kuwa ɗiyar tamu ba ta haƙura ba. Daren nan ta sa sunanta a jerin masu jira, kwana huɗu bayan nan aka kira ta, tebur na mutum biyu da rana. Ta rubuta musu abin da ba ma ci, ta kai mahaifiyarta. Da suka dawo na ce, "Yaya, ya aka ji?" Ta ce, "Daɗi kam akwai daɗi, kuma sun karrama ni. Amma ɗumama min tuwon jiya, ban ƙoshi ba."

Uwargida, ke fa? Kin taɓa shan irin tamu, ko kina da dabarar da ta yi miki aiki? Ki rubuto mana a ƙasa 'yan'uwa su ƙaru. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.