A Kula da Kare Tun Yana Kwikwiyo

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi magana da masu ajiye kare don gadi ko farauta. Da yawa sukan kawo kwikwiyo gida, su haɗa shi da ƙanzo da sanda, daga baya su ce ba ya jin magana.

Kwikwiyo ba ya iya riƙe fitsari da kashi. A riƙa kai shi lungu guda da zarar ya farka, da kuma bayan ya ci abinci. In ya yi a can, a shafa kansa nan take. Duka tsoro kawai yake sa masa, tsoron kuma kan kai shi ga cizo.

Abin da ya fi damuna shi ne allurar rigakafin haukan kare. Ana yi wa kwikwiyo ita yana wata 3, a sabunta duk shekara, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana haɗa ta. Cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi, ga shi yaranmu ne ke wasa da karnukan. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar.

Don Allah jama'a, mu kai karnukanmu wurin likitan dabbobi.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna